Ranar da na ɗora wa Baba aska

A gidanmu na Gwandu, wutar da aka dafa tuwon dare da ita ba ta saurin mutuwa. Da an sauke tukunya, Kaka Tumba, mahaifiyar babanmu, takan jawo 'yar kujerarta bakin murhu, ta tura karan dawa biyu ko uku cikin garwashi, ta ce ƙafafunta ne ke son ɗumi. Mu kuwa mun san abin da ke tafe. Tsakanin magariba da lisha sai mu kewaye ta, mu bakwai ko takwas, da 'yan gida da 'ya'yan maƙwabta, kowa da guntun tabarma ko tsohon buhu, wani da gyaɗa a aljihu yana jiran ta ba shi izini ya binne a toka.

Kaka 'yar Diggi ce, can ƙasar Kalgo, kuma 'yar wanzamai ce gaba da baya. Ubanta wanzami, mijinta wanzami, ɗanta kuma, wato Baba, shi ne wanzamin unguwarmu da rugagen Fulanin da ke kewaye da mu har wajen Ceberu. Yawancin lokacin da take ba mu labari, shi yana zaure yana wasa asakensa na gobe, muna jiyo ƙarar ƙarfe a kan dutse. Ba mamaki da kusan rabin tatsuniyoyinta akwai wanzami a ciki, kuma ban taɓa jin wanzamin ya ji kunya ba.

Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta tafa hannu sau ɗaya ta ce, "Ku gyara, ga wata nan tafe da ƙafarta." Mu kuma mu amsa, "Ta zauna mu gan ta." Wanda ya yi barci kafin a gama, gobe shi zai ɗebo kara.

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta zaki da ɗan wanzami. Ta ba mu ita a wani daren sanyi, ina da shekara tara ko goma.

Ta ce a zamanin da, zaki ba haka yake ba. Gashi ne da shi tun daga hanci har wutsiya, buzu-buzu kamar tunkiyar da ba a taɓa yi wa sausaya ba. Wata shekara ƙarangiya ta yi yawa a daji, ta cika masa jiki, kaska kuma ta samu wurin ɓuya. Ya kasa kwanciya, ya kasa farauta, sai ruri dare da rana. Garin da ke bakin dajin ya rasa barci, shanu suka daina ba da nono don firgita. Mai gari ya tara mutane aka yanke shawara a tura wanzami ya aske shi.

Babban wanzamin garin ya tafi yana cika baki. Ko ruwa bai ɗauka ba, ya ce shi askarsa ba ta bukatar jiƙo. Yana isa ya kama zaki a maƙogwaro ya ɗora ƙarfe. Zaki ya ji sanyin aska a wuya, ya kai masa mari ɗaya, mutumin ya dawo gari ba hula ba zabirar asakensa. Na biyu ma haka ta faru da shi. Daga nan kowane wanzami sai ya tashi da ciwon hannu.

Saura wani saurayi, ɗan wani wanzami da ya rasu, wanda ya gaji zabira amma bai taɓa aske ko kan jariri ba. Uwarsa ta dafa masa ruwa a tukunya, ya ɗauka a kai ya shiga daji, ruwan na zuba don rawar da jikinsa ke yi. Da ya isa ya tsaya nesa, ya yi sallama, ya faɗa wa zaki gaskiya. A nan Kaka takan sirance murya ta ce, "Manyan dawa, ni ban iya ba. Yau na fara, kuma hannuna shina rawa." Sai ta kumbura kumatu ta kawo muryar zaki daga ciki: "Ni ma ban taɓa ba ƙarfe jikina ba. Matso."

Saurayin bai nufi wuya ba. Ya koma can wutsiya, inda ya fi nisa da haƙora, ya bar ɗan tuntu a ƙarshe don ya samu abin riƙo. Ya jiƙa gashin da ruwan ɗumi, ya murza, ya sake jiƙawa, har ya yi laushi, sannan ya ja aska kaɗan. Kwana uku yana wannan aiki. A rana ta biyu ya yanki zaki a cinya, kuma kafin zaki ya ji zafi shi ya fara faɗa masa cewa ya yanke shi. Zaki ya dubi jinin ya ce ya ci gaba.

A rana ta uku ya iso wuya. Hannunsa ya riga ya zauna, ba rawa ko kaɗan. Amma da ya ɗora tafinsa a kan wuyan, sai ya ji abin da bai zata ba: zaki ne ke rawa, tun daga kafaɗa har haɓa. Saurayin ya naɗe askarsa ya mayar cikin zabira, ya zauna ya tsince ƙarangiyar wuyan da yatsunsa, ɗaya bayan ɗaya, har rana ta faɗi. Shi ya sa har gobe zaki yake da geza a wuya da tuntu a wutsiya, sauran jikin kuwa sumul. Saurayin ya koma gida, kuma har ya mutu bai faɗa wa kowa abin da tafinsa ya ji ba.

Ƙanwata Hajo, wadda ba a ba ta labari ta bar shi haka nan, ta tambaya to in bai faɗa wa kowa ba, ita Kaka a ina ta ji. Kaka ta zaro gyaɗa daga toka ta hura, ta ce zakin ne da kansa ya riƙa ba da labarin bayan ya tsufa. Sannan ta rufe yadda ta saba: "Nan ta gaji, nan na sauke ta."

Ni kam tatsuniyar ba ta gamsar da ni ba. Ba a ba saurayin doki ba, ba a ba shi sarauta ba, kuma ga shi bai ma gama aikin ba. Na ce mata ai tsoro ya ji. Ta dube ni ta cikin hayaƙi ta ce, "Wanga yaro, kai dai ci gyaɗarka."

Gaskiyar magana, a lokacin na riga na fara jin kunyar sana'ar gidanmu. A makarantar boko yara suna kirana ɗan aska, in na wuce su riƙa shafa kai suna dariya. Da na kai shekara sha biyu Baba ya ce in fara binsa ƙauyuka ranar Asabar in ga yadda ake yi. Na ce ina da aikin makaranta. Ya sake kira wani makon, na sake kawo wani dalili. Bai kira na uku ba, bai kuma taɓa yi mini faɗa a kan haka ba. Na wuce sakandare, Kaka ta rasu ina can, na yi kwalejin horon malamai, na zama malamin lissafi a Birnin Kebbi. Askina a shago nake yi da inji, in na zo gida in bar hulata a kai don kada Baba ya duba.

Ina da shekara arba'in da uku ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Allah ya sa da sauran kwana, ya tashi, har yana takawa da sanda, amma hannun dama ya tafi, maganarsa kuma ta yi nauyi. Mutumin da ya fi shekara hamsin yana aske kansa da kansa kowace safiyar Juma'a, ba madubi, sai ga shi gashi ya cika masa kai, fari fat, gemu ya haɗe da saje. Wanzaman da suka yi zamani da shi a unguwa duk sun rasu ko sun ajiye. Hajo ta kawo wani mai shago da injinsa na caji, Baba ya dube shi ya juya fuska bango. Aka kawo wani mai reza, shi ma haka. Daga nan ya daina fita zaure. Abokansa su zo gaisuwa ya ce a ce yana barci. Masallacin Juma'a da bai fi taku ɗari biyu daga ƙofarmu ba, ya yi wata huɗu bai je ba. Likita ya ce jikin na samun sauƙi, amma kullum na zo sai in tarar ya ƙara ramewa, abinci ma sai an yi da gaske.

Wata Lahadi zan koma Birnin Kebbi, na shiga zaure na sauko da zabirarsa daga ƙusa, na cusa cikin jakata ban faɗa wa kowa ba. Ban so in koya a Gwandu ba, don kafin in iya riƙe aska labari ya kai masa, in kuma na kasa ya zama na ƙara masa wani ciwon. Sai na tuna da Baffa Mani, ɗan ƙanin Kaka, wanda har lokacin yake aski a wata rumfa a Kalgo. Ranar Litinin ana tashi makaranta na hau babur na same shi.

Ya saurare ni har na gama, ya karɓi zabirar ya buɗe, ya fito da asake guda shida ya jera a kan buzu. Tsatsa ta fara cin bakinsu. Ya daɗe yana dubansu. Sannan ya ce in miƙo hannuna, ya juya shi gaba da baya, ya ce hannun alli ne, amma za a gwada.

Mako biyu cur bai bar ni na taɓa gashi ba. Wasa aska kawai: a ɗiga ruwa a dutse, a kwantar da ita, a ja, a juya, a ja, sannan a goge a kan fata. In na ce ta yi, sai ya gwada a gashin hannunsa ya miƙo mini ya ce in koma. Mutanen da ke zama a rumfar suka samu abin nishaɗi, ga malamin makaranta da babbar riga a durƙushe yana gumi a kan dutse. Wani ɗalibina da na koyar shekarun baya ya wuce a kan babur, ya gan ni, ya rage gudu, ya rasa ko ya gaishe ni ko ya yi kamar bai gani ba. Na ɗaga masa hannu da askar a ciki. Ranar na lura abin bai dame ni ba.

Bayan haka ya jiƙa fatar akuya ya ɗaure ta a bayan ƙwarya, ya ce ga kai na farko. A nan na koyi cewa hannun hagu ne ke yin rabin aikin: shi ke jan fata ta miƙe, aska ta biyo baya a kwance, ba a tsaye ba, ja gajere, ba dannawa. Na huda fatar nan ta fi sau goma. Daga ita na koma ƙwaurina da damtsena, har matata ta ce in na ci gaba haka za a ɗauka ƙuna na yi. Ya koya mini tsabtar ƙarfe, a tafasa shi ko a ƙona bakinsa kafin a taɓa kowane mutum. Abin da ya fi nanatawa shi ne ruwa. Ya ce sabon shiga gaggawar ɗaukar aska yake yi, alhali gashin da bai sha ruwan ɗumi da sabulu ya yi laushi ba, ko askar wa aka kawo sai ta ja shi.

A mako na bakwai na iso na tarar ya cire hula ya zauna a tabarma da kansa. Na ce ban kai ba. Ya ce in ba a kansa ba, a kan wa nake so in yi kuskuren farko. Na jiƙa, na murza, na fara daga ƙeya. Abin na tafiya har na fara jin daɗin kaina, ina isa bayan kunne askar ta shige. Jini ya biyo wuyansa. Na tsaya cak, ina ta tunanin ko bai ji ba in goge in yi shiru. Sai na ji kaina na ce, "Baffa, na yanke ka." Ya ce ya sani, jira yake ya ji ko zan faɗa. Ya nuna mini yadda ake naɗe kunne da yatsa a buɗe wurin, ya ce in danne da auduga in ƙarasa. Bayan shi na aske mutum tara a rumfar, duk da saninsu cewa koyo nake yi. Na yanki biyu.

Ranar wata Alhamis Baffa Mani ya mayar mini da zabirar ya ce in tafi Gwandu.

Da safiyar Juma'a, bayan rana ta ɗan ɗaga, na sa aka dafa ruwa. Na shimfiɗa buzu a bayan ɗakin Baba inda ba mai wucewa, na ce wa Hajo kada a bar kowa ya zo wajen. Sannan na shiga na durƙusa na ajiye zabirar a gabansa. Ya dube ta, ya dube ni. Na ce, "Baba, wata biyu ke nan ina koyo wurin Baffa Mani. Ban ƙware ba, na yanki mutum uku. In ka yarda zan yi maka, in ba ka yarda ba in mayar da ita inda na ɗauko."

Ya sa hannun hagu ya zaro aska ɗaya, ya kai ta kusa da ido, ya gwada bakinta a farcen babban yatsa. Ya tambaya da nauyin harshensa wa ya wasa. Na ce ni ne. Ya ajiye ta, ya lalubi sandarsa, ya biyo ni bayan ɗaki.

Na daɗe ina jiƙa kan nan. Tun ina yaro ban taɓa kan Baba ba, ban san ya yi ƙanƙanta haka ba, ga fatar ta yi laushi tana motsi a ƙarƙashin yatsa. Na yi bisimilla na fara daga ƙeya. Farin gashi ya riƙa zubowa a kan buzu. Hannuna ya yi rawa a ja uku na farko, daga nan ya zauna. Na wuce bayan kunnuwa lafiya, na gama kai, na zagayo gabansa don gyaran fuska. Na ɗaga haɓarsa da yatsu biyu in share ƙarƙashin gemu, sai na ji haɓar tana karkarwa. Na duba, idanunsa a rufe, hawaye na bin kumatun da na shafa wa sabulu.

Na janye askar. Na ce masa ta dakushe, bari in sake wasa ta. Na juya masa baya na durƙusa a kan dutse, na yi ta jan aska mai kaifi a kansa, a hankali, ban waiwaya ba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Sai da na ji ya share hanci ya yi gyaran murya ya ce zan cinye masa ƙarfe, sannan na juyo na ƙarasa. Da ba zan ba da wannan labari ba, sai don shi da kansa ya riƙa ba abokansa daga baya, yana dariya yana cewa ya ga ranar da aka wasa aska sau biyu a kan gemu ɗaya.

A kan dutsen nan, bayana a juye, na gane abin da Kaka ta ƙi bayyana mini. Duk shekarun nan na ɗauka jarumtar wanzami ita ce kada hannunsa ya yi rawa. Ashe wannan kowa na iya samu in ya daɗe yana yi. Abin da ya sa mutanen gidanmu suke tafiya da kai a sama shi ne, manya da ƙanana suna cire hula a gabansu, su miƙa musu wuya, su rufe ido. Wanzami yana ganin tabo da ƙurji da tsufa da tsoro, ya gyara abin da zai gyaru, sauran ya rufe bakinsa a kai. Wannan na guje wa ina yaro, ina zaton abin kunya ne.

Da na gama na wanke masa kai, ya sa tafin hagu ya bi ko'ina, daga goshi har ƙeya, ya koma ya sake bi. Ya tsaya a wani wuri sama da kunnen dama ya ƙwanƙwasa da yatsa. Na duba, gashi ne da bai fi ƙwayar gero biyar ba. Na share. Bai ce na iya ba, bai ce ban iya ba. Ya ce a kawo masa farar rigarsa da hula.

Muka taka zuwa masallaci, shi da sanda, ni a gefen da ya shanye. Tafiyar da ba ta kai minti biyar ba ta ɗauke mu kusan rabin sa'a, don kowane zaure sai an taso an riƙe hannunsa. Da aka idar da salla tsofaffin abokansa suka kewaye shi a inuwar bango. Ba zafi ake yi ba ranar, amma sai na ga ya cire hula yana fifita da ita, ya bar kan a buɗe yana ƙyalli. Wani tsohon Bafulatani da Baba ya yi wa 'ya'yansa duka askin suna ya leƙa ya duba da kyau, ya ce wannan ba aikin inji ba ne, wa ya rage a garin nan mai irin wannan hannu.

Baba ya ɗauki lokaci kafin harshensa ya ba shi dama. Ya nuna ni da haɓa.

"Umaru," ya ce. "Bai daɗe da farawa ba. Ku kawo kawunanku."

Na yi shekara ashirin ina koyarwa, an yaba mini a gaban taro ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa jin na cika mutum kamar a inuwar bangon nan ba. Asabar da ta biyo baya, tun kafin in karya kumallo, tsofaffi huɗu suna zaune a zaurenmu da hulunansu a gwiwa, Baba kuma yana kan kujera a gefe yana jiran ya ga inda zan yi kuskure.